Tafin Ƙafar Inna

Ni na fara ganin tabon. Ina so in faɗi wannan tun farko, saboda a danginmu an daɗe ana ba da labarin ciwon Inna, kuma kowa yana fara shi daga inda laifi ba zai hau kansa ba. Ni zan fara daga inda ya hau kaina.

Sana'ata ƙunshi. Ina da 'yar rumfa a bayan layin masu atamfa a kasuwar Wuse, kullum daga Masaka nake shigowa, in sha cunkoson hanya da safe, in sake shan sa da yamma. Amma kafin in taɓa ƙafar wata amarya ko matar wani oga, a ƙafar mahaifiyata na koyi aiki. Inna mace ce da gwal bai dame ta ba, leshi bai dame ta ba, zani uku sai ta shekara da su. Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi: ba za ka taɓa ganin tafin ƙafarta fari ba. Tun ranar da aka sa ta a lalle za ta gidan Baba, ba ta bari ya koɗe ba. Zanen fulawa da muke yi wa 'yan mata kuwa raina shi take yi, wai aikin yara ne. Dungulmi take so, a lulluɓe tafin gaba ɗaya har lallen ya hau gefen ƙafa, a naɗe da leda, ta miƙe a tabarma tana ba kowa umarni. Duk bayan mako biyu, ranar Alhamis, nakan tashi kasuwa da wuri in zo in yi mata.

Daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa take sayarwa a kasuwar Masaka, kuma da wannan tiren ta riƙe mu bayan rasuwar Baba. Yini take a tsaye. Shi ya sa kafin in ɗora lalle sai na jiƙa mata ƙafar a ruwan ɗumi, na goge kaushi da dutse.

Wata Alhamis ina gogewa sai na ga wani abu a tafin ƙafar hagu, kusa da dunduniya. Bai fi ƙwayar wake ba, baƙi ƙirin, gefensa ba a daidaice ba, kamar an ɗiga shuni a tsumma ya nashe.

"Inna, mene ne wannan?"

Ko leƙawa ba ta yi ba. "Tawadar Allah ce. Ke dai yi aikinki."

"Da ai babu ita."

"Da ke ma babu ke."

Na yi dariya, na ɗora lalle. Da aka kwance ya yi ja jawur yadda take so, amma tabon yana nan a tsakiya yana kallona. Raina ya ɓaci, ba don tsoro ba, don ya ɓata min aiki. Mai ƙunshi ba ta son ta ga wani abu a ƙafa wanda ba ita ta zana shi ba. Sai na yi abin da kowace mai sana'ata ta sani: na kwaɓa gishirin lalle da toka na shafe tafin, jan ya rikiɗe ya koma baƙi, tabon ya ɓace a ciki. Na ɗaga ƙafar ina yaba kaina. Inna ta ce wannan ya ma fi kyau, daga yau haka za a riƙa yi mata.

Shekara biyu ina yin haka. Ba zan ce ban ga yana girma ba, ni da nake riƙe ƙafar a cinyata sau biyu a wata. Daga wake ya kai gyaɗa, daga gyaɗa ya kai faɗin goro, wani gefen baƙi, wani gefen ruwan ƙasa. Duk sanda ya ƙaru sai in ƙara gishiri. Ba ya yi mata ciwo, ba ya ƙaiƙayi, to me zan ce? A saninmu ciwon dajin fata na Turawa ne da zabiya, waɗanda rana ke ƙonawa. Inna baƙa ce wuluk, kuma tafin ƙafa wace rana ce ke ganinsa? Ko a mafarki ban haɗa tabon nan da asibiti ba.

Da damina ta biyu ta kama, na ga jini a silifas ɗinta. Wurin ya tsage, yana ɗan tsatstsafo da ruwa. Muka je kemis na bakin titi. Mai kemis ɗin ko fitowa daga bayan kanta bai yi ba, daga can ya leƙo ya ce, "Mama, faso ne, ba komai. Ki sha wannan kafso safe da yamma, ki shafa wannan." Ta sha, ta shafa. Da bai warke ba muka koma ƙaramin asibitin unguwa. Suka ce gyambon ƙafa a tsohuwa ai suga ne, suka gwada, babu suga. Maimakon wani ya tsaya ya ce to mene ne, sai suka ci gaba da wanke mata da auduga suna naɗe bandeji, Litinin da Juma'a. Tsakanin kemis da bandeji wata shida suka tafi.

Wadda ta fara ɗaga mana murya maƙwabciyar Inna ce a kasuwa, wata Bagwariya mai sayar da doya, wadda suka shekara goma suna raba inuwar rumfa ɗaya suna faɗa a kan tsintsiya. Ranar nan ta ga Inna tana gyara bandeji, ta sunkuya ta duba, sannan ta jira ni har na zo da yamma. Ta kama min hannu da ƙarfi.

"Ke yarinya, wannan ciwo ba na kemis ba ne. Ƙanin mijina ya yi irin shi, nan nan a ƙafa. Ya zauna gida, ya tafi. Ki kai mama naki babban asibiti. Kar ki bari shi ya zauna, kin ji ni?"

Na ji ta. Satin nan na kai Inna wani babban asibiti a cikin gari. Bayan dogon layi muka samu likita, mace ce, ba za ta girme ni ba. Ta kwance bandejin, ta daɗe tana kallo, ta tambayi me ya sa tafin ya yi baƙi haka. Na ce lalle ne, har da ɗan alfahari. Ta sa Inna ta kwanta, ta lalluba matsematsinta da yatsu a hankali, sannan ta sauke numfashi ta ce, "Alhamdu lillahi, nan babu komai tukuna." Ta ce tana zargin daji ne, amma sai an yanki ɗan ƙaramin nama daga wurin an gwada. In shi ne, kuma aka yi sauri, za a iya cire wurin a yi faci da fata, Inna ta ci gaba da taka ƙafarta. Ta ba mu mako biyu mu dawo.

A nan Kawu ya shigo. Yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun rasuwar Baba shi ne babba a kanmu. Walda yake yi a Karmo, ƙofofi da tagogi. Ba mugu ba ne, kada wani ya karanta wannan ya ɗauka mugu ne. Shi ya goyi Inna tana jaririya, kuma har ta yi jikoki in ya zo gidanmu sai ya taho mata da tsire a takarda. Amma tun suna yara aka yi wa mahaifiyarsu aiki a nono, ba ta cika wata uku ba ta rasu, kuma Kawu bai taɓa yafe wa wuƙar likita ba. Da na kira shi na gaya masa abin da aka ce, sai ya yi salati ya ce, "Daji? Kuma za ki bari a sa mata ƙarfe? Ba ki san daji ba ya son ƙarfe ba? Ko allura ce ta taɓa shi, fusata yake yi ya bazu." Ya ƙara da cewa shi tun farko ya san ba ciwon Allah da Annabi ba ne, wani abu aka binne mata a bakin rumfa ta taka.

Mutumin da ya shekara arba'in yana cin abinci da ƙarfe, shi ke gaya min ƙarfe abin gudu ne. Na so in faɗa masa haka, na haɗiye.

Ana gobe za mu koma asibiti, na dawo daga Wuse na tarar da ɗakin Inna a rufe. Matar gidan da ke kusa da mu ta ce Kawu ya zo da hantsi da mota ya tafi da ita. Na kira shi, ya ce in kwantar da hankalina, akwai wani mai magani da ya san kan daji, wata ɗaya kawai za a gwada, in bai yi ba asibiti ba gudu zai yi ba. Na kira Inna, ta ce, "Yaya ne. Me zan ce masa?" Ni ma ban ce masa komai ba. Shekarata talatin da huɗu a lokacin, 'ya'yana uku, ina iya tsayawa a tsakiyar Wuse in wanke ɗan tasi tas a kan canji, amma a gaban Kawu na yi shiru kamar ba ni da baki. Wannan shi ne laifina na biyu, kuma ya fi na farko yi min ciwo, domin a wannan karon na sani.

Wata ɗaya ya zama takwas. Duk Lahadi nakan je Karmo, in sauka a bakin titi, in bi lungu ina tsallake kwata har gidan Kawu. Mai maganin yana zuwa duk Juma'a da wani baƙin gari da yake kwaɓawa da man kaɗanya ya cusa a gyambon, da saiwoyin da ake jiƙawa ta sha, da hayaƙin da ake turara mata ƙafar. In wurin ya ƙara buɗewa sai ya ce ciwon ne ke neman hanyar fita. In ya yi mugunya sai ya ce dafin ne ke zuba. Babu abin da ƙafar nan za ta yi da bai da fassarar alheri a bakinsa. Na zauna wata rana ina kallon baƙin garin nan a tafin ƙafarta, sai na ga ashe aikina yake ci gaba da yi. Ni na rufe da baƙi, shi ma da baƙi yake rufewa.

Sai wari ya fara. Inna mace ce mai son turaren wuta, ko buhun daddawarta sai ta ajiye shi nesa da ɗakin kwana. Yanzu ga ta a ɗaki tana ƙona turare kasko bayan kasko, warin yana fin ƙarfinsa. Jikokinta suka daina shiga. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai dai in na zo ta ce in buɗe taga, wai zafi take ji.

Wata Lahadi da rana na ce bari in taimaka mata ta yi wanka. Ina cuɗa mata cinya sai hannuna ya ci karo da wani abu a matsematsinta na hagu. Kaluluwa ce, guda uku a jere, masu tauri, ba sa motsi. Na tuna likitar nan, yadda ta lalluba daidai wurin, ta sauke numfashi ta ce nan babu komai tukuna. Tukuna ɗin nan ne ya dawo min a ka. Na ajiye soso, na ɗauraye ta, na sa mata riga da mayafi, na zuba kayanta a leda.

"Me kike yi?" in ji ta.

"Tafiya za mu yi."

Na fita titi na tsayar da tasi, amma mota ba ta shiga lungun, Inna kuma ta daina iya taka ƙafar. Sai na durƙusa a gabanta na ce ta hau. Ta ce ba ta hau bayan kowa ba tun tana 'yar shekara uku. Na ce yau za ta hau. Na goye ta, na ɗaure da zanina. Ba ta da nauyi ko kaɗan, wannan ma ya ƙara min haushi.

Shagon Kawu a ƙofar gida yake, babu hanyar da za a bi ba ta gabansa ba. Yana cikin walda ya gan mu. Ya kashe injin, ya ɗaga baƙin tabarau zuwa goshi.

"Ina za ki kai ta?"

"Asibiti, Kawu."

"Da izinin wa?"

A rayuwata ban taɓa yi masa magana a tsaye ba, sai a durƙushe. Ranar ko na so durƙusawa babu hali, uwata tana bayana. Na ce, "Kawu, wata ɗaya ka ce. Yau wata takwas. Shiga ɗakin ka shinshina, in ka iya zama minti biyar ba ka buɗe taga ba, zan mayar da ita."

Mutane suka fara tsayawa. Fuskarsa ta canza, ba fushi kaɗai ba, har da tsoro, na gan shi. Ya ce, "Ke yarinya, ni kike gaya wa magana? To ki ji da kyau. In kika fita da ita, ƙarfe ya taɓa ta, duk abin da ya same ta yana wuyanki."

"Na ɗauka."

Ya tako zai tare hanya. Sai na ji muryar Inna a bayan kunnena, a hankali, amma kowa ya ji. "Yaya, ka bar ta. Ƙafar tawa ce. Na sha ɗaci wata takwas don kar ranka ya ɓaci. Ya isa haka."

Ya tsaya cak. Na wuce ta gefensa, na bi lungun da ita, ina tsallake kwata, mata suna leƙowa ta katanga. Har muka kai mota ban waiwaya ba.

Washegari a asibiti aka tono tsohon katinmu. Likitar ta gane mu. Ta ce, "Mama, ina kika shiga?" Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi, da ya fi min sauƙi. Ta kwance ƙafar, nas ta juya fuska, ita ba ta juya ba. Ta lalluba matsematsin, wannan karon ba ta ce alhamdu lillahi ba. Ta tambaye ni tun yaushe aka fara ganin tabon, ba gyambon ba, tabon. A zuwanmu na farko na ce mata wata shida. Yanzu na ce, "Ya haura shekara uku. Ni na gan shi, ni na rufe shi da lalle." Ta rubuta a takarda ba ta ɗago ba.

Aka yanki naman, aka ce sakamako sai mako uku. Mako uku ya zama shida, yau a ce an aika wani wuri, gobe a ce wanda zai sa hannu ba ya nan, jibi a ce ma'aikata sun tafi yajin aiki. Amma ni na riga na gama yin shiru. Na rufe rumfata, kullum da safe ina kan bencin ƙofar ɗakin gwaji, da hannuwana baƙaƙe da lalle a kan cinya. Mai karɓar takardu ya gaji da ganina, ya ce, "Madam, ke ba ki gajiya ne?" Na ce, "Abin da ke ƙafar uwata ma ba ya gajiya, ba ya zuwa yajin aiki." Ban sani ba ko don kunya ko don ya rabu da ni, kwana uku bayan nan takardar ta fito.

Daji ne. Likitar ta ce irin wanda ke farawa daga abin da ke ba fata launi ne, kuma baƙar fata ba ta hana shi, a wurinmu ma tafin ƙafa da ƙarƙashin farce ya fi so. Ya riga ya ci zurfi, ya haura zuwa matsematsi. Faci da fata ya wuce. Sai dai a yanke ƙafar a ƙasan gwiwa, a cire kaluluwar, kuma ko da haka ba za ta yi mana alkawarin ya tsaya nan ba. Na tambaye ta, da mun dawo wancan lokacin fa? Ta ce da ƙafar tana nan. Na ce da tun yana ƙwayar wake ne fa? Ta kalle ni, ta ce, "Kina so in faɗa?" Na ce a'a, na sani.

Da aka kawo takardar yarda da tiyata, wani ma'aikaci ya tambaya ina mijinta ko ɗanta namiji. Na ce miji yana kabari, ɗa namiji Allah bai ba ta ba, ni ya ba ta, kawo biro. Inna ta dangwala yatsa a gefen sa hannuna, ta ce wa likitar, "'Yata, ki duba da kyau, ta hagu ce. Kar ki ɓata min mai lafiyar."

Shekara ɗaya da wata biyu ta yi bayan aikin, kuma ba zan yarda kowa ya ce watannin nan ba komai ba ne. Warin ya tafi. Jikokinta suka dawo suna hawa gadonta suna cin tuwo a kwanonta. Ta koyi tafiya da sanduna biyu tana zagin su kamar 'ya'yan da ba sa jin magana. Ta koma kasuwa, aka sa mata benci, mai doya ta riƙa miƙo mata mudu suna ci gaba da faɗansu a kan tsintsiya. Kawu bai zo asibiti ba, bai zo gida ba, amma sau biyu ana kawo tsire a takarda ba a faɗi daga wa ba, kuma Inna ta cinye ba ta tambaya ba.

Sai tari ya zo, wanda ba ya jin magani. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga ya isa huhu. Likitar ta gaya mana gaskiya, ta ba mu abin da zai rage mata zafi, muka dawo gida.

Ana saura kwana biyu babbar Sallah ta ce in kwaɓa lalle. Tun ranar da Kawu ya tafi da ita ban sake yi mata ƙunshi ba. Na jiƙa ƙafar dama a ruwan ɗumi, na goge, na ɗora ta a cinyata. Na ɗebo lalle zan lulluɓe tafin yadda aka saba, sai ta janye.

"A'a. Yi min irin na 'yan mata, a sama. Tafin ki bar shi fari. Duk abin da zai zo min daga yanzu, ina so in gan shi da idona."

A nan na fashe da kuka, irin wanda ban yi ba a Karmo, ban yi ba a ƙofar ɗakin tiyata. Na ce ta yafe min, ni na ɓoye shi. Ta bari na yi mai isata, sannan ta ce, "Wa ya ce tawadar Allah ce? Ke kin shafa baƙi, ni na miƙa ƙafa. Share hancinki, kar ki ɗiga min a zani." Na zana mata fulawa tun daga yatsu har idon sawu, mafi kyawun da hannuna ya taɓa yi. Ta daɗe tana juya ƙafar, ta ce ashe aikin yaran ma ba laifi.

Kwana tara bayan Sallah ta rasu, da hantsi, ina riƙe da hannunta. Tsohuwar da ta yi mata wanka ta fito tana tambaya wace ce ta yi wannan ƙunshi rabi da rabi, sama zane, ƙasa fari fat. Na ce ni ce, kuma cikakke ne.

Ranar sadakar uku Kawu ya shigo tsakar gida gaishe da mata. Ya rame, idonsa ja. Ya yi addu'a, aka shafa. Da ya tsaya nan da shi ke nan. Sai ya girgiza kai ya ce, "Allah ya sani na faɗa. Da ba a sa mata ƙarfe ba, da yanzu tana nan." Na ga mata suna gyaɗa kai, tsofaffi da 'yan mata, wasu da jarirai a cinya. Kowace a cikinsu tana da uwa, kowace tana da tafin ƙafa, kuma da wannan maganar za su koma gida.

Na miƙe tsaye. Na ce, "Kawu, ajali na Allah ne, na yarda, ba na jayayya da shi. Amma ba ƙarfe ba ne. Lallena shekara biyu. Kemis da bandeji wata shida. Maganinka wata takwas, da shiruna a ciki. Ƙarfe shi ya zo ƙarshe, kuma shi kaɗai ya ba ta shekara guda ba wari, tana cin abinci da jikokinta. Ni na ɗauki nawa, ina ɗauke da shi har in mutu. Kai ma ka ɗauki naka, kar ka ɗora wa wuƙar likita."

Wata gwaggonmu ta ce, "Innalillahi, a gidan makoki?" Na ce a gidan makokin aka faɗa, a nan za a amsa. Kawu ya sa takalminsa ya fita. Har yau a dangi sunana mara kunya, kuma ban nemi a canza min ba.

Na koma rumfata a Wuse da doka ɗaya. Duk wadda ta zo ƙunshi, amarya ce ko uwar amarya, sai na wanke ƙafarta, na juyo da tafin wajen hasken ƙofa, na duba har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. In da tsohon lalle mai baƙi, sai ta je ya koɗe ta dawo. In na ga tabon da ban yarda da shi ba, ba na ɗora komai a kai, asibiti nake nuna mata. Wasu suna tsaki su tafi rumfar gaba, suna cewa ƙunshi suka zo ba awo ba. Su tafi. Gishirin lalle kuwa ban sake sayen sa ba.

Shekara biyu ba mu yi magana da Kawu ba. Ana jajibirin Sallar da ta wuce, rumfa cike da mata, sai ga matarsa ta shigo, ita da ba ta taɓa zuwa Wuse ƙunshi ba, ga masu yi birjik a Karmo. Muka gaisa sama-sama. Ta jira layi ya zo kanta. Kafin in ce komai ta cire takalmi, ta ɗaga ƙafafunta biyu, ta juya tafin wajen ƙofa da kanta.

"Ya ce ki duba," in ji ta, ba ta kalle ni ba.

Na duba. Na daɗe ina dubawa, fiye da yadda nake yi wa kowa. Babu komai, sai kaushi. Na goge mata, na yi mata zane a sama, na bar tafin fari. Da za ta tafi ta tsaya a bakin rumfa tana gyara mayafi, tana jira ko zan ba ta saƙon gaisuwa.

Na ce, "Ki ce masa shi ma ya cire takalmi wani ya duba masa."